Ganondagan: inda na kai yara su ga Seneca da idonsu, ba na kwali ba

Duk mai yaro ɗan aji huɗu a jihar New York ya san aikin gidan nan na gina dogon gida da kwali da tsinken askirim. A wannan ajin ne manhajar jihar ke koyar da tarihin Haudenosaunee, wato ƙabilu shidan da Turawa ke kira Iroquois: Mohawk, Oneida, Onondaga, Cayuga, Seneca, sai Tuscarora da suka shigo ƙawancen wajen 1722. 'Yata ta gina nata, ta liƙe shi da gam, ta ci maki mai kyau. Da na tambaye ta ina masu gidan suke yanzu, sai ta ce, “Umma, ai mutanen da ne, sun ƙare.” Alhali a makarantar tasu, duk taron iyaye sai wani ya miƙe ya karanta 'yar takarda cewa ginin yana kan ƙasar Seneca, a yi shiru na daƙiƙa biyu, sannan a shiga maganar kuɗin motar yawon buɗe ido. Yarinya ta sha jin jimlar nan har ta haddace, amma ba ta san ana maganar mutane masu rai ba ne.

Dalilin zuwanmu Ganondagan ke nan. Wurin tarihi ne na gwamnatin jiha a garin Victor, kudu maso gabashin Rochester inda muke zaune, tafiyar da ba ta wuce rabin awa a mota. Fili ne na fiye da eka 500, akwai tudu da daji da ciyawa, akwai dogon gida na ɓawon itace, da kuma cibiyar fasaha da al'adun Seneca da aka buɗe a 2015. Tun daga farko in faɗi ra'ayina: ya cancanci kuɗin mai da wunin da za a ɓata, musamman ga yara daga shekara bakwai zuwa sama. Amma wanda ya je ya leƙa cikin gini kawai ya fito, ya bar abin da ya fi komai a waje.

A ƙarni na 17 gari ne babba a kan tudun nan. Ana ƙiyasta dogayen gidaje kusan 150 da mutane wajen 4,500. A watan Yulin 1687 gwamnan Faransa na Kanada, Marquis de Denonville, ya tsallako tafkin Ontario da runduna, ya sauka a gaɓar Irondequoit, wurin da mu mutanen Rochester ke kai yara shan iska da rani ba tare da mun san abin da ya faru a can ba. Rigimar ta cinikin fatu ce: Faransa na son kankane kasuwar, Seneca kuwa, masu tsaron iyakar yamma ta ƙawancen, suna hulɗa da Turawan Ingila. Garin ya ƙone, rundunar kuma ta kwashe fiye da mako guda tana sare masarar da ke gona, tana ƙona wadda ke rumbu. Akwai wani tudu daban a cikin filin inda aka kewaye rumbunan da shinge, har yau ana hawa a gani. Shekara 300 cif bayan wannan, a 1987, aka ƙaddamar da wurin ga jama'a. Shi ya sa duk inda ka juya a Ganondagan maganar masara ce. Da yunwa aka yi niyyar karya su.

Dogon gidan shi yara ke fara rugawa. Da ka shiga sai idonka ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya saba da duhun. Lungu ne dogo a tsakiya, da murhu a ƙasa, da kafar fitar hayaƙi a rufi daidai saman murhun. Hagu da dama gadaje ne na itace hawa biyu, na ƙasa na kwana da zama, an shimfiɗa fatu, na sama na ajiyar kaya. Iyali biyu ke raba murhu ɗaya, wannan na fuskantar wancan. An rataye kitson masara a sama, ga turmi na kututture da taɓarya mai kai biyu, siririya a tsakiya inda ake riƙewa. Abin da ya ja hankalina shi ne ba a tsara ɗakin kamar na mutanen da ba su taɓa ganin baƙo ba. Akwai tukunyar tagulla da gatarin ƙarfe da yadi na Turai kusa da tukunyar ƙasa da kwandon saƙa, domin mutanen shekarun 1670 'yan kasuwa ne, suna saye suna sayarwa, suna zaɓen abin da ya yi musu. Kuma an bar yara su taɓa abubuwa da yawa. Autana ya shafa fatar dabbar ruwan nan da ake kira biba, wadda a kanta aka yi yaƙin, ya tura yatsa cikin gashin ya gano akwai wani lallausa a ƙarƙashin na sama. Da wannan lallausan ake yin hulunan da Turai ta haukace a kansu. Ko da na wuni ina masa bayanin cinikin fatu ba zai kama kamar yadda yatsansa ya kama ba.

Matar da ta zaga da mu 'yar Haudenosaunee ce, kuma duk bayaninta “muna yi” take cewa, ba “suna yi” ba. Daga bakinta yaran suka ji cewa gidan na mata ne: miji ne ke tarewa gidan matarsa, 'ya'ya kuma dangin uwa suke bi. Seneca na da dangi takwas masu sunan dabbobi da tsuntsaye, irin su kunkuru, kyarkeci, barewa, shaho da zalɓe. Iyayen dangi, wato manyan mata, su ke zaɓen sarakunan da ke zama a babbar majalisa mai kujera 50, kuma suna da ikon tuɓe wanda ya kauce hanya bayan an gargaɗe shi. Na kalli Abban su, ya yi kamar yana nazarin rufi.

To amma hanyoyin daji su ne dalilin da zan sake komawa. Akwai wadda aka sa wa suna da ma'anar ƙasa uwarmu ce, tana bi ta gangare cikin itatuwa, an kafa alluna da ke nuna tsiro da sunansa da abin da Seneca ke yi da shi: wannan na igiya, wannan na magani, wannan na ci. Mun tafi da fensir da jakunkunan takarda masu ruwan ƙasa irin na kantin cefane. Dabarar ba tawa ba ce. Peter Jemison, mai zane ɗan Seneca daga dangin zalɓe, wanda ya shugabanci wurin shekaru da dama tun daga kafuwarsa, ya yi suna wajen zane a kan irin waɗannan jakunkuna. Abin ya dace da yara: takardar ba ta da tsada, ba ta da farin nan mai tsorata yaro har ya ƙi fara zane, kuma idan aka gama sai a zuba ganyen da aka tsinta a ƙasa a ciki. Na ce a ƙasa, don ba a tsinkar na jikin itace a wurin.

A gindin wani farin fayin muka fi daɗewa. Itace ne dogo mai ganye siri-siri, kuma ganyen ba ɗai-ɗai suke fitowa ba, a ɗaure suke. Na ce wa 'yata ta tsinci ɗauri ɗaya ta ƙirga. Biyar. Ta ɗauki wani, biyar. Ta bi ƙasa tana neman wanda zai ƙaryata ni, ba ta samu ba. A tarihin Haudenosaunee, lokacin da mutumin da suke kira Mai Sulhu ya haɗa ƙabilu biyar na farko bayan dogon zubar da jini, a ƙarƙashin wannan itacen aka binne makamai, ɗaurin ganye biyar ɗin kuma ya zama alamar haɗuwarsu. Matar da ta fara karɓar saƙon sulhun, Jikonsaseh, wadda suke kira uwar al'ummai, ana danganta ta da wannan yankin. Yarinyar ta zauna a kan saiwa ta zana ɗaurin da girma, ta yi ta fama da yadda ganyen ke haɗuwa a gindi. Darasin tsirrai ne, darasin zane ne, darasin yadda ake mulki ne, kuma abin da ya ɗauke su duka yana kwance a tafin hannunta. Wannan itacen yana nan a farfajiyar makarantu da yawa a jihar, ba sai an yi hayar mota ba. Ban ga abin da ya hana malami fitar da aji zuwa gindinsa ba.

A buɗaɗɗen fili kuma an dawo da dogayen ciyayi na asali, waɗanda da kaka suke fin yaro tsawo, tsuntsaye na ta shige da fice. Yara ba su damu da su sosai ba, ni ce na tsaya.

Noman da suke kira 'yan'uwa mata uku bai zama mini baƙo ba, don duk wanda ya ga wake na yaɗo tsakanin kunyoyin gero a gonar gida ya san hikimar. Bambancin shi ne su tsibi suke tarawa, su shuka masara a kai, idan ta ɗan tasa a sa wake ya hau karanta, kabewa kuma ta shimfiɗa faffaɗan ganye ta rufe ƙasa, ta riƙe laima, ta danne ciyawa. Saiwar wake na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Jane Mt. Pleasant, masaniyar aikin gona 'yar Tuscarora a Jami'ar Cornell, ta gwada wannan noma a gonar gwaji, ta nuna cewa idan aka haɗa abin da ukun suka bayar, ya fi abin da kowane ɗayansu zai bayar shi kaɗai a fili iri ɗaya, ta fuskar kuzari da furotin. Na ambaci wannan ne don akwai masu ɗaukar irin wannan noma a matsayin tatsuniya mai daɗin ji.

Da kaka ake ɓarar masara, kuma ana gayyatar jama'a. Wannan ne aikin hannu mafi kyau da na gani a wurin. Farar masara ce ta gado, doguwa, ƙwayarta faffaɗa. Ba a cire ɓawon duka. Ana janye shi baya, a zubar da na waje, a bar 'yan kaɗan masu ƙwari a gindi, da su ake kitsa masara da masara har a sami doguwar igiya mai nauyi da za a rataye ta bushe. Kitso ne dai irin wanda kowace mace ta iya, sai dai kowane juyi ana ƙara sabon goyo, kuma idan hannu ya yi sako-sako, ana ɗagawa za ta zube. Na ga manyan maza na gumi a kai. Ɓawon da ya rage ba shara ba ne, da shi ake saƙa tabarmi da kwanduna da 'yar tsana. Ana jiƙa shi ya yi laushi, a naɗe, a ɗaure wuya, a murɗa hannuwa, a tsaga ƙasa idan ana son ƙafafu. Ba a yi mata fuska. Labarin da ake ba yara shi ne ta cika kallon kanta a ruwa tana yaba kyanta har ta manta aikin da aka ba ta, sai aka ɗauke fuskar. Autana ya so ya ɗiga mata ido da biro, yayarsa ta ƙwace biron.

Aikin farar masarar nan yana da nasa tarihi. Marigayi John Mohawk, malamin jami'a ɗan Seneca, da matarsa Yvonne Dion-Buffalo suka fara shi a shekarun 1990 don irin kada ya ɓace kuma mutanensu su koma cin abincin gado, daga baya aka dawo da shi Ganondagan. A gargajiyance da tokar itace mai ƙwari ake dafa masarar har fatar ƙwayar ta saɓule, sannan a yi ta wankewa a kwando. Wannan dafuwar ce ke sakin sinadarin niyasin, wani nau'in bitamin da ke ƙulle a cikin masara. Ƙasashen da suka karɓi masara ba tare da wannan dabara ba, kamar arewacin Italiya da kudancin Amurka, sun sha fama da cutar felagira, wadda rashin niyasin ke kawowa, a tsakanin talakawan da masara ce kawai abincinsu.

Cikin cibiyar akwai ɗan gajeren fim na labarin halitta a wurinsu, an haɗa zanen katun da rawa: mace ta faɗo daga sama, tsuntsaye suka tare ta, aka ɗora ƙasa a bayan kunkuru. Ga iyaye Musulmi, shawarata a yi magana da yara tun a mota. Ni na ce wa nawa za mu ji abin da masu wurin suka gada daga kakanninsu, mu saurara da ladabi, mu kuma mun san abin da muka yi imani da shi. Ba wanda ya nemi mu yi wata ibada, bukukuwan addininsu ma ba na 'yan kallo ba ne, ba a yin su a nan don baƙi. Akwai kuma jawabin godiya da suke buɗe taro da shi, ana bin halittu ɗaya bayan ɗaya, daga mutane zuwa ƙasa, ruwa, tsirrai, dabbobi, itatuwa, tsuntsaye, iska, rana, wata da taurari, har zuwa Mahalicci. Malamai da yawa na ɗaukar jerin nan su mai da shi aikin zane a aji. Ba laifi, in dai an faɗa wa yara na wane ne, kuma ba a sa su kwaikwayi addu'ar wasu kamar wasan kwaikwayo ba.

Ɓangaren ɗamarar wampum ya fi dacewa da manyan yara. Duwatsu ne farare da shuɗi mai duhu da ake feƙewa daga ƙwanson dabbobin teku, a saƙa su su zama shaidar yarjejeniya. A nan ne maganar takardar da ake karantawa a makaranta ta dawo mini. Garin Canandaigua na nan kusa da Victor. A can aka ƙulla yarjejeniya ran 11 ga Nuwamban 1794 tsakanin ƙabilu shida da gwamnatin George Washington, wanda shekara 15 kafin nan, a 1779, ya tura Janar Sullivan ya ƙona garuruwansu fiye da 40. Yarjejeniyar ta ce Amurka ba za ta taɓa neman ƙasar da aka amince ta Seneca ce ba. Har gobe gwamnati na aika farin yadi kowace shekara daga cikin dala 4,500 da aka rubuta, su kuma suna karɓa, ba don yadin ya isa wani abu ba, sai don karɓarsa shaida ce cewa alƙawarin na nan. Kowace 11 ga Nuwamba ana taruwa a Canandaigua a tuna. Amma a shekarun 1960 aka gina madatsar ruwa ta Kinzua, ruwa ya cinye kusan eka 10,000 na ƙasar Seneca a Allegany, aka tashi mutane wajen 600. Akwai tsofaffin da suna yara aka fitar da su daga gidajensu, kuma suna raye. Jimlar da ba ta kai yaro ga sanin wannan ba, ban san wa ta girmama ba.

A sani kuma, Ganondagan ba ƙauyen da mutane ke zaune ba ne. Seneca na yau suna Allegany da Cattaraugus da Tonawanda, wasu na Ontario a Kanada, wasu maƙwabtanmu ne a Rochester da Buffalo. Filin kansa a hannun jihar New York yake, jihar da ta tsaya a kan ƙasar da aka raba su da ita. Wannan ya ɗan tsaya mini a rai, ko da yake muryar da ake ji a wurin tasu ce.

Kantin cibiyar ƙarami ne, akwai littattafai da kayan ado na duwatsu da aikin hannun masu fasaha na Haudenosaunee. Kwandunan gargajiya na itacen ash, duk inda aka gan su, suna da tsada, kuma da dalili: wani ƙwaro mai launin kore da ya shigo daga Asiya, wanda aka fara ganowa kusa da Detroit a 2002, yana ta kashe itatuwan, masaƙa na wahalar samun abin aiki. Ni garin masara na saya, da soyayye da kuma ƙwayar da aka riga aka saɓule. Ya fi na babban kanti tsada nesa ba kusa ba, tunda da hannu ake yin kusan komai. Soyayyen garin ƙamshinsa kamar na gyaɗa, amma ba na tuwo ba ne: na yi talge na tuƙa, bai yi danƙon da zai mulmulu ba. A kunu kuwa ya yi daɗi ƙwarai, da ɗan madara da ruwan zaƙin itacen maple. Ƙwayar sai an jiƙa ta kwana, a dafa ta a hankali har ta kumbura ta fashe. Na haɗa ta da jan wake da naman rago da albasa, tukunyar ba ta kwana ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da dole Musulmi ya kula da shi. Miyar masara ta gargajiya, wadda ake samu a bukukuwa irin na kiɗa da fasaha da suke yi a watan Yuli, yawanci da naman alade ake yin ta. A tambaya kafin a saya, ba wanda zai ji haushi. Mu da guzurinmu muke zuwa, mu shimfiɗa darduma a ciyawa idan azahar ta yi.

Dogon gidan ba ya buɗe da hunturu, daga bazara ne zuwa kaka, don haka a duba ranaku kafin a taso, kuma sai da mota. Da sanyi suna da wasannin dusar ƙanƙara, har da wanda ake jefa doguwar sanda mai santsi ta bi kwararo tana gudu. A hanyoyin daji a sa wa yara dogon wando, a cusa ƙafarsa cikin safa, a duba jikinsu tsaf idan an dawo, domin kaskar yankin nan na ɗauke da cutar Lyme. Akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje, a nuna musu hotonsa tun a gida. Mai goyo ta taho da zani, keken jarirai ba zai yi a gangaren ba. Idan zuwa ɗaya kawai za a iya a shekara, a bari sai Oktoba, a nemi ranar ɓarar masara, a zo da rigar sanyi da za a iya naɗe hannunta.